Hasken Aro

Dare goma sha ɗaya ina ƙera ta,
ba guduma, ba uwar maƙera, ba zuga-zugi,
ɗigo bayan ɗigo, zare bayan zare,
a ɗakin zaure, a Garin Malam,
ordinatar tana nishi kamar tsohuwa a kan tudu.

Mota ce mai kujera biyu,
ta kwanta ƙasa kamar kada a bakin tafki,
irin wadda ramin farko a hanyar Tanut
zai zubar wa haƙora.
Na shafa mata ja, na bi da ƙyalli,
na rataya mata fitilu uku a sararin da babu shi:
ɗaya a goshi, ɗaya a kafaɗa,
ɗaya a baya, don ta zana mata ƙugu.

Sai na kira Kawu Mutari.
Shekara talatin yana fesa fenti a bayan tasha,
har yau ƙarƙashin farcensa shuɗi ne.
Ya sunkuya, ya ƙanƙance ido, ya daɗe.
Ya ce, "Wannan ai alawar yara ce.
A ina take tsaye?"
Na ce, "Ba ko'ina."
Ya ce, "Shi ya sa.
Fenti ba shi da maganar kansa, ɗana,
magulmaci ne.
Abin da ya gani shi yake faɗa.
Taka ba ta ga kowa ba, me za ta ce?"

Washegari da la'asar sakaliya
na kwance tulluwar gadon ƙarfen Inna,
ban tambaya ba.
Na hau da ita duwatsun Birni,
na soke ta a kara, na ɗauke ta hoto sau bakwai,
daga mai duhu har mai kashe ido.
Damagaram duk ta shige ciki ta lanƙwashe:
hasumiya ta rusuna,
dogon yaro ya yi doro,
rana ta koma ƙwayar gero mai zafi.

Na dawo na kashe fitilun nan uku.
Na naɗe motar da samaniyar garinmu
kamar yadda ake naɗe jariri a zane,
na danna, na koma gefe.

Hoto ba ya zuwa gaba ɗaya.
Da fari tsaki ne, dusa, yashi a faifai,
na'ura tana tankaɗe,
tana bin kowane zaren haske
ta tambaye shi inda ya kwana.
Habsu ƙanwata tana yi mata fifita
kamar mai jinyar zazzaɓi.
Saura kaɗan, saura taya ɗaya,
kuran ya tafi.

Ban zagi kowa ba. Na dai ambaci sunaye.

Ƙarfe biyu ya dawo, muka sake daga tushe.
Habsu ta yi barci da mafici a hannu.
Ladan na gyaran murya
sa'ad da layin ƙarshe ya sauka.

Kawu ya zo da hantsi, bai zauna ba.
Ga duwatsu kwance a kan murfin inji,
ga mai ga-ruwa da jarkokinsa rawaya
ya miƙe tsawon ƙofa kamar an ja shi,
ga wani ɗan mutum a jikin madubi,
ƙafa tale, waya a hannu,
wanda na manta ban goge ba.

Bai ce ta yi kyau ba.
Ya ɗaga hannu, ya juya bayan yatsa,
ya kai shi a hankali jikin gilashin,
yadda yake yi in yana son ya ji
ko fenti ya bushe.

Daga cikin gida Inna ke tambaya
wa ya taɓa mata gado.